Ɓarawon Ƙanƙarar Fadar Dunvarra

Ranar Alhamis da hantsi, Sufeto Morag Rennie tana cikin cike takardar neman hutu, Saje Dougal Pirie ya leƙo ofishinta yana fama da dariyar da ke neman ƙwace masa. Ya ce an yi sata a Fadar Dunvarra, kuma Laird ne da kansa, mai fadar da gonakin da ke kewaye da ita, ya bugo waya.

"Me aka ɗauka? Kayan azurfa?"

"Curin dusar ƙanƙara, ranki ya daɗe."

Sufeto ba ta yi dariya ba. Ta ture takardar gefe, ta jawo hularta. A wani gari da sai a ce sajen ya sha wani abu tun da safe, amma ita 'yar wannan kwarin ce, kakarta ma a fadar ta yi wanke-wanke har ta tsufa. Ta san abin da curin nan yake nufi.

Shekara ɗari uku da 'yan kai da suka wuce, matar wani Laird na gidan Garvie ta haifi tagwaye maza, unguwarzoma kuma ta rikice, ta kasa faɗin wanda ya riga fitowa. Da suka girma suka yi ta zuba wa juna ruwan bala'i a kan gado, har suka ƙone hasumiya guda. Sarkin wancan zamani ya gaji da ƙorafinsu, ya yanke hukunci a rubuce. Ɗaya ya riƙe fada, ɗaya ya zauna a ɗan gidan da ke bakin ƙofar shiga. Amma kowace shekara, ran ashirin da huɗu ga Yuni, a tsakiyar bazara, sai mai fada ya miƙa wa wakilin sarki curin ƙanƙara daga dutsen Ben Arra. Shekarar da ya gaza, sai su yi musanyar gida.

Tun daga nan jikokinsu ba su sake cin abinci a teburi ɗaya ba. A coci kowa da ɓangarensa, a maƙabarta ma akwai katanga a tsakani, wai don kada matattun su ci gaba. A da ƙanƙarar kan kwana a wani tsagin dutsen har ƙarshen bazara. Yanzu kafin watan Mayu ta narke, shi ya sa ake curo ta tun Fabrairu a kulle a firiza.

Ashirin da huɗu ga watan kuwa jibi ne, ranar Asabar.

Laird Ninian Garvie ya tarye su a babban zaure. Tsoho ne ɗan shekara saba'in da shida, dogo, ya saka siket ɗin kakanninsa mai gida-gida, da rigar sanyi biyu, da kwat a sama, alhali a waje rana ake ƙwallawa. Sufeto ba ta ga laifinsa ba. Sanyin zauren irin mai shiga ƙashi ne, ga bokitai an jera su ko'ina suna jiran yoyon rufi. Saje ya fara ƙirga su, ya kai ashirin da bakwai ya haƙura.

Laird ya kai su ɗakin ajiyar abinci. Firizar tana nan, kwaɗon da ke jikinta lafiya lau, ba alamar an taɓa shi da ƙarfe. A ciki ga gwangwanin biskit ɗin da ake ajiye curin, an mai da murfinsa daidai, amma wayam. Farin ƙyallen da ake naɗe curin da shi ma babu.

"Makulli nawa ne?" in ji Sufeto.

"Biyu. Ɗaya a wurina, ɗaya a wuyan mai dafa mini abinci. Amma kada ki wahalar da kanki, 'yar nan." Ya zaro safar hannu ta mata, shuɗiya, ya ɗaga ta da yatsa biyu. "A gindin firizar na tsinta. Ta Euphemia ce, ta gidan bakin ƙofa. Shekara ɗari uku suna haɗiyar yawu a kan gidan nan, yau sun samu."

Ya ce ranar Talata ya ga curin da idonsa, yau da safe kuma ya tarar babu. Jiya Laraba yana ɗakin karatu tun bayan abincin rana, bai motsa ba sai ƙarfe biyar da ya fita da kare.

Sufeto ta lura da abu guda: mutumin da zai rasa gidan kakanninsa nan da kwana biyu, muryarsa ko rawa ba ta yi. Ta ajiye wannan a ranta, don manyan gida sukan iya ɓoye ciki.

Da za su fita, ta bi bangon zauren da kallo. Takubba da garkuwoyi da kawunan barewa duk ƙura ta yi musu bargo, har Saje yana ta atishawa. A tsakiyarsu akwai wani tsohon ƙahon sa mai bakin azurfa, wanda ake busawa ranar bikin miƙa curin. Ta shafa shi da yatsa. Yatsan ya fito fes.

A kicin suka sami Ishbel Tulloch, mai dafa abinci, tana kwaɓa fulawa. Shekararta arba'in a gidan, kuma nan ne kaɗai ɗakin da mutum zai iya cire hula bai yi mura ba. Kafin a tambaye ta komai ta ajiye wa Saje farantin biskit, shi kuwa ya karɓa a matsayin wani ɓangare na bincike.

Ta rantse makullin bai taɓa barin wuyanta ba, da shi take wanka. Ta ce jiya ba wanda ya shigo gidan, ko kyanwa.

"Iya Ishbel, kofin shayi nawa kike sha a lokaci guda?" in ji Sufeto.

"Ɗaya mana."

Sufeto ta nuna mata kofuna biyu masu zanen zinariya da aka kife a gefen wurin wanki. Na baƙi ne, kuma kowa ya san Laird a tsohon kofin soja yake shan nasa. Ishbel ta ce wani lokacin takan zuba biyu don ɗaya ya huce. Kunnuwanta suka yi ja, ta koma kan kwaɓinta da ƙarfin da fulawar ba ta nema ba.

Sufeto ba ta matsa mata ba. Ta tambaye ta ko ta ji wani abu da ba ta saba ji ba.

Tsohuwar ta ce a gidan nan ai kullum cikin jin abu ake, bututun ruwa na kuka, katako na nishi. Sai dai jiya wajen ƙarfe uku ta ji wani irin sauti daga wajen ɗakin ajiya, ƙasa-ƙasa, kamar saniya mai ciwon ciki. Ta ɗauka famfo ne.

"Sau nawa?"

"Sau uku. Bi da bi."

Saje ya rubuta "famfo, sau uku" a littafinsa, ya ɗauki biskit na huɗu.

Gidan bakin ƙofa ɗan ƙarami ne, ɗaki biyu da falo da kicin. Suna shiga ɗumi ya rufe su. Hitar ɗumama ɗaki a kowane bango, tagogi masu gilashi biyu-biyu, ba ɗigon danshi ko ɗaya. Saje ya saki ajiyar zuciya irin ta wanda ya dawo daga doguwar tafiya.

Euphemia Garvie, wadda kowa ke kira Effie in ba a gabanta ba, 'yar gajeruwar tsohuwa ce mai shekara saba'in da huɗu. Ba ta taɓa aure ba, ta ce ba ta ga wanda ya isa ba. Ta zaunar da su, ta shaida musu cewa ƙafarta ba ta taka cikin fadar nan ba tun da aka haife ta, kuma ba za ta taka ba sai ranar da za ta shiga a matsayin mai gida.

Sufeto ta ajiye shuɗiyar safar hannun a kan tebur, kusa da 'yar'uwarta da ke kwance a gefen kwandon saƙa.

"Shago ɗaya ne a garin nan," in ji Effie. "Rabin matan coci irinta suke sawa."

"Duk hannun hagu ɗaya suke yarwa, Uwargida?"

Effie ta yi kamar ba ta ji ba. Ta shiga ba da labarin rashin kunyar da Ninian ya yi mata da safiyar nan. Mutumin da bai taɓa tsallake dokin ƙofarta ba, ya faɗo mata falo yana kiranta ɓarauniya, jikar ɓarayi. Zagin da bai wuce na minti biyar ba, sai da ya yi awa ɗaya da rabi yana yi, ya jingina bayansa da hita. Da ta shiga kicin ta fito, ta same shi yana leƙa ɗakin kwananta yana gyaɗa kai.

"Yana gyaɗa kai?"

"Kamar mai tayin doki."

Sufeto ta nemi izinin duba firiza. A nan ne fuskar tsohuwar ta sauya. Ta ce ba komai ciki sai kifi. Saje ya ɗaga kifin, ya ɗaga jakar wake, sai ga farin curi a cikin ledar burodi. Ya ɗago shi sama yana murmushi, a ransa ya riga ya gama rubuta rahoto.

"Ƙara tonawa," in ji Sufeto.

Ya ƙara. Ya fito da na biyu, da na uku. Sai da ya jera bakwai a kan tebur, kowanne da 'yar takarda an rubuta shekararsa.

Effie ta zauna a hankali. Ta dubi Sufeto, ta ce in dai maganar ba za ta kai kunnen matan coci ba, za ta faɗi gaskiya. Kowace Fabrairu tana bin motar mai kai wasiƙu zuwa gindin Ben Arra, ta curo nata, ta ajiye. Kowace shekara kuma, saura kwana uku biki, takan lallaɓa ta ƙofar kicin in Ninian ya fita da kare, ta sha shayi da Ishbel, ta karɓi makulli ta duba ko curinsa yana nan lafiya. Jiya da biyar ta buɗe ta ga wayam, hankalinta ya tashi har ta yar da safa. Niyyarta gobe ta saɗaɗa ta saka ɗaya daga cikin nata.

"Me ya sa?" in ji Saje. "Ai in ya gaza, fadar taki ce."

"Ɗana, ka shiga gidan nan kuwa? Ka ga bokitan? Ni da gwiwoyin nan zan je in kwana a ɗakin da gansakuka ke tsiro a bango? Tsorona ɗaya a duniya shi ne wawan nan ya yi sakaci in ci gado."

Ta ce ba ta isa ta faɗa a fili ba. Ubanta da kakanta da duk waɗanda ke kwance bayan katangar maƙabarta sun mutu suna neman fadar, ita ce za ta ce ba ta so?

Sufeto ta tambaye ta batun ƙahon da ke zaure, ko ban da ranar biki ana busa shi.

Effie ta taɓe baki. Ta ce ai dokar ɓangarensu Ninian ce, ba a ɗaga curin daga mazauninsa sai Laird ya busa ƙaho sau uku. Ko firiza za a gyara sai an busa. Suna cewa wanda ya ɗaga ba busa, kakanni ba za su bar shi ya yi barci ba. Su kuwa 'yan gidan ƙofa, ko taɓa ƙahon ba a yarda su yi ba.

Sufeto ta miƙe. Ta ce Saje ya sa curin bana a jakar sanyi a matsayin shaida, Uwargida kuma ta ɗauko mayafinta.

Laird yana zaure a gaban murhun da hayaƙinsa ya fi wutarsa yawa. Da ya ga Effie ta shigo ta babbar ƙofa sai ya miƙe tsaye, ya ce madalla, an kamo ta. Ishbel ta fito daga kicin tana goge hannu.

Sufeto ta wuce shi. Ta je bango ta sauko da ƙahon, ta miƙa wa Saje, ta ce ya shiga ɗakin ajiya ya rufe ƙofa, ya busa a hankali yadda mutum zai busa in ba ya son a ji. Jim kaɗan wani nishi mai ban tausayi ya ratso bango, sau uku.

"Famfon jiya ke nan," in ji Ishbel. Sai ta dubi maigidanta, ta rufe baki da hannu.

"Ranka ya daɗe," in ji Sufeto, "ɓarawo ya shiga da makulli, ya mai da murfin gwangwani, ya tafi da ƙyallen don kada ya taɓa curin da hannu tsirara. Kafin ya ɗauka kuma ya tsaya ya busa ƙaho. A duk ƙasar nan mutum nawa ne zai yi sata ya kasa tsallake wannan?"

Laird ya ce wannan cin mutunci ne, zai kai ƙara wurin manyanta. Ta ce ya kai. Ta nuna wani ƙunshi da ke kan teburin zaure, wanda mai kai wasiƙu ya kawo da rana, an ɗan yage bakinsa. Labulaye ne masu furanni. Ya ce na ɗakinsa ne. Sufeto ta warware ɗaya, tsawonsa bai kai ƙugunta ba. Ta ɗaga kai ta dubi tagogin fadar, waɗanda sai mutum uku sun hau kan juna kafin su taɓo samansu.

"Na falona ne," in ji Effie a hankali. "Yaushe ka auna?"

"Ta waje. Kina coci."

Daga faɗin haka ya koma ya zauna. Girman da ya ɗauko tun safe duk ya zube, sai ga tsoho kawai mai rigar sanyi biyu.

Ya ce ya gaji. Shekara saba'in da shida bai taɓa kwana ƙafarsa da ɗumi ba. Kowane dare in an yi ruwa sai ya zagaya ya zubar da bokitai arba'in da ɗaya. Matarsa Marjory ta yi ta roƙonsa su koma ƙaramin gida, ya ƙi, har sanyin ya kama mata huhu, shekara shida ke nan. Tun daga lokacin, in ya fita da kare ya wuce ta bakin ƙofa ya hango Effie a kujera da saƙarta, ko rigar sanyi babu, sai ya ji kamar ya yi kuka. Amma ubansa ya sa shi rantsuwa a gadon mutuwa: ba zai miƙa musu fada da hannunsa ba, ba kuma zai karɓi komai daga hannunsu ba. Sai ya ga in sace curin aka yi, ai ba shi ya miƙa ba. Safar kuwa tsintuwa ce, ya ga ta zo masa daidai.

"Ina curin?"

"Na kai wa Marjory. Na ɗora a kan kabarinta. Kafin in bar wurin ya narke."

Sufeto ta ji tausayinsa ya kama ta sosai, ita da ta shigo da niyyar ta ɗan rama wa kakarta. Ishbel tana share ido da gefen rigar aikinta.

Effie ta juya wajen Laird. "Wato ni za ka jefa cikin wannan kogon, ka kuma sa a kira ni ɓarauniya. Kai dai tun kana yaro mugu ne, Ninian." Ta nuna jakar da ke hannun Saje. "Ga curi nan, na Ben Arra ne, na bana. Jibi ka miƙa shi, ka riƙe tsiyarka."

"Ba na karɓar komai daga hannunku."

"Ba daga hannunta za ka karɓa ba," in ji Sufeto. "Ka kawo rahoton ɓatan curin ƙanƙara ɗaya. 'Yan sanda sun samo curin ƙanƙara ɗaya. Hukuma ce za ta ba ka, ka sa hannu."

Laird ya daɗe yana kallon jakar, kallon mutumin da aka yanke wa ɗaurin rai da rai. Ya ce to, haka Allah ya so.

Sufeto ta shaida masa cewa za ta tafi da shi ofis bisa laifin ba da rahoton ƙarya da ɗora wa wata sata. Zai rubuta bayani, a sake shi kafin yamma, sauran magana kuma ta mai gabatar da ƙara ce. Ya ɗauki hularsa da sandarsa, ya bi Saje ba gardama.

Sun kai gindin mota ke nan, Effie ta yi magana daga kan matakala, tana gyara mayafi, idonta a wani wuri daban.

"Akwai ɗakin baya a gidana. Tarkace ne kawai a ciki. Hitarsa ta fi ta falo zafi."

Laird ya tsaya, hannunsa a kan ƙofar mota.

"Na ce ba na karɓar komai daga hannunku."

"Na ji."

"Sai dai in ƙwace shi. Da ƙarfi. Ranar Lahadi, bayan coci."

"Ƙwace," in ji Effie. "Amma ka goge ƙafarka kafin ka shigo, kuma karen nan a waje zai kwana."

Laird ya ce za a gani. Ya sunkuya ya shiga bayan mota, Saje ya rufe ƙofa, suka kama hanyar gari.